Sigarin lantarki: uban ya bar sigari da ita, ɗan kuma da ita ya fara

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Yamai, ina da ƴaƴa huɗu. Maigidana ya shekara fiye da 20 yana shan sigari, kwali guda a yini, har tari ya riƙa hana shi barci. Bara wani abokin aikinsa ya kawo masa sigarin lantarki, irin wadda ake caji ana ɗura mata ruwa, kuma tun daga ranar bai sake kunna karan sigari ba. Tarin ya ragu, warin ya bar ɗaki, na gode wa Allah. Makonni uku da suka wuce ina wanke jakar makarantar babban yaronmu mai shekara 16, wanda ke ajin farko na lise, sai na tsinci wani abu mai ruwan hoda kamar alƙalamin zane, yana ƙamshin mangwaro. Ƙanwarsa ce ta gaya mini sunansa puf. Da na tsare shi sai ya ce: "Mama, ba taba ba ce, tururi ne kawai, ai Baba ma yana sha kuma ya ce ba ta da illa." Na gano kuɗin karin kumallonsa yake tarawa yana saye, kuma a shagon ƙanin maigida, mai sayar da kayan waya, yake samu. Har yanzu ban gaya wa babansa ba. Yana da zafin zuciya, ina tsoron duka, ina kuma tsoron kunya ta sa ya jefar da tasa ya koma wa sigari, ga shi ba na son abin da zai haɗa ni da dangin miji. Wasu sun ce mini abin ya fi sigari kisa, wasu sun ce likitocin Turai ma suna ba da shi. Wanne ne gaskiya, kuma yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Allah ya shirya mana zuriya, ya saka miki da alheri bisa haƙurin da kika yi, domin uwa da yawa da a ranar za su fasa abin a tsakar gida, su tara maƙwabta, a wayi gari yaron ya koyi darasi guda ɗaya tak, wato ya ƙara iya ɓoyo. Makonni ukun da kika yi kina juya maganar a ranki ba su tafi a banza ba, amma sun isa, kuma zan gaya miki dalili.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, tunda a kanta komai ya rataya. Mutanen da suka ba ki labari biyu masu karo da juna, kowannensu ya riƙo wani yanki na gaskiya ne ya saki sauran. Abin da ke kashe mai shan sigari, mafi yawansa, hayaƙin ganyen da aka ƙona ne, da kwaltar da ke manne wa huhu, da iskar gubar da ke shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa taba na kashe mutane fiye da miliyan 7 a kowace shekara. Sigarin lantarki ba ta ƙona ganye. Batir ne ke ɗumama wata ƴar siririyar waya, wayar ta mayar da ruwan da ke ciki ya zama hazo, a shaƙa. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙera irin ta zamani a 2003, kuma shi kansa mashayin sigari ne da ke neman mafita. Saboda rashin ƙona ganyen ne hukumar lafiya ta Ingila ta fito a 2015 ta ce illarta ta yi ƙasa da ta sigari da kusan kashi 95 cikin 100. Masana da yawa sun soki wannan adadi, suna cewa ƙiyasi ne na wasu ƙwararru kaɗan da aka yi tun abin yana sabo, amma ko masu sukar ba su cika musun cewa babban mutum da ya bar sigari kwata-kwata ya koma ga wannan ya rage wa jikinsa guba ba. A 2023 gwamnatin Ingila har ta sanar da shirin raba ta ga mashaya sigari miliyan 1 don su sauya. Wannan shi ne asalin maganar da aka kawo miki cewa likitocin Turai suna ba da ita, kuma raguwar tarin maigidanki ba mafarki kika yi ba.

Sai dai wanda ya kawo miki labarin ya tsaya a rabin hanya. Ita Ingilar da ke ba manya, ta haramta sayar wa duk wanda bai kai shekara 18 ba, kuma daga 1 ga Yunin 2025 Birtaniya ta hana sayar da irin wadda kika tsinta a jaka, wato wadda ake sha a yar. Beljiyam ta riga ta tun farkon 2025, Faransa kuma, inda sunan puf ya yi tashe kafin ya iso bakin yaranmu, ta hana ta a watan Fabrairun 2025. Amurka ta ɗaga shekarun saye zuwa 21 a ƙarshen 2019, Indiya ta hana sigarin lantarki baki ɗaya a shekarar, Ostareliya kuwa ta mayar da sayar da ita kantin magani kawai. Ki lura da inda waɗannan ƙasashe suka saɓa da inda suka haɗu. A kan babba mai neman barin sigari suna ta gardama har gobe, wasu na ganin tsani ne na sauka, wasu na ganin an yi gudun gara an faɗa gidan zago. A kan yaro mai shekara 16 da bai taɓa kunna sigari ba babu gardama ko kaɗan, domin shi ba shi da wata guba da yake ragewa, ƙari kawai yake yi.

Maganar da ya gaya miki cewa tururi ne kawai, ina jin da gaske ya yarda da ita, don haka ake gaya musu. Tururin tukunya ruwa ne zalla. Abin da ke fitowa daga puf kuwa haɗi ne na gilisarin da wani sinadari makamancinsa, da kayan ƙamshi, da nikotin, kuma idan wayar ta yi zafi sosai ana samun ɓurɓushin ƙarafa irin su nikel da dalma a cikinsa, har da sinadarin nan da ake adana gawa da shi, ko da yake bai kai yawan na hayaƙin sigari ba. Kayan ƙamshin an yarda da yawancinsu ne don a ci a alewa da lemo, ba wanda ya gwada su shekara da shekaru a cikin huhun ɗan Adam. Babban abin damuwa shi ne nikotin. Shi ne igiyar da ta ɗaure maigidanki shekara 20, kuma ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, shi ya sa take saurin kamuwa a shekarun ɗanki, ya riƙa kasa natsuwa a aji, ya riƙa fushi ba dalili idan abin ya yanke masa. Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa kada nikotin ya wuce miligiram 20 a kowane mililita na ruwan, amma akwai waɗanda ke yawo a kasuwannin duniya da aka rubuta musu kashi 5 cikin 100, wato wajen miligiram 50. Ki ɗauko wadda kika tsinta ki duba jikinta da kyau. Sau da yawa za ki ga wannan lamba da adadin zuƙar da aka ce tana yi, wata dubu biyar, wata fiye. Karan sigari yana ƙarewa mutum ya san ya sha ɗaya. Ita wannan ba ta da ƙarshen da yaro zai gani, ba ta bar masa wari a riga, yana iya zuƙarta a makewayi, a kan gado, a bayan aji, kuma ƙamshin mangwaron da kika ji ba don dattijo mai furfura aka zuba shi ba.

Masu cewa ta fi sigari kisa kuma, ina zaton labarin Amurka na 2019 ne ya iso gare su a gurguje. A lokacin wata cutar huhu ta kwantar da mutum fiye da 2,800 a asibiti, yawancinsu matasa, 68 kuma suka mutu zuwa Fabrairun 2020. Da aka bincika sai aka gano mafi yawansu sun sha ruwan da aka haɗa da sinadarin wiwi ne, wanda ƴan bayan fage suka sirka da wani mai na bitamin E. Wannan bai nuna kowace sigarin lantarki haka take ba, amma darasinsa ya shafe mu kai tsaye: kayan da ke shigowa cikin kwalayen caja da murfin waya, babu wanda ya auna abin da ke cikinsa, abin da aka rubuta a jiki kawai muke da shi. Nijar tana da dokar yaƙi da taba tun watan Mayun 2006, wadda ta hana sayar wa ƙananan yara, amma an rubuta ta a zamanin da ba wanda ya san wannan na'ura a Babbar Kasuwa ko Wadata. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasashe 88 ba su sa iyakar shekarun sayenta ba, 74 kuma ba su da wata ƙa'ida a kanta sam. Kin dai gani da idonki cewa ba wanda ya tambayi yaronki shekarunsa, don haka tsaron da za ki dogara da shi a yanzu na cikin gida ne.

Shi ya sa nake ganin dole maigida ya ji, kuma daga bakinki, cikin makon nan. Sirrin da ƙanwar yaron ta sani, yaron shago ya sani, abokan fada suka sani, ba sirri ba ne, jira kawai yake ya fito ta mummunar hanya, kuma ranar da ya fito fushin zai zama biyu, na abin da yaron ya yi da na ɓoyewar da kika yi. Akwai kuma dalilin da ya fi wannan ƙarfi. Hujjar yaron gaba ɗaya a kan babansa ta tsaya, ke kuwa ko kin kwana kina bayani zai ce a ransa Mama ba ta san abin ba. Mutum ɗaya ne a gidan nan ya san yadda ake farkawa da asuba hannu na laluben kwali kafin a yi alwala, ya san kuɗin da ya ƙone a shekara 20, ya san sau nawa ya yi rantsuwar bari ya karya. Wannan ilimi ne mai tsada, kuma shi kaɗai ke da shi.

Yadda za ki shigar da maganar shi ne rabin aikin. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, yara ba sa kusa, ki fara da abin da yake gaskiya kuma zai so ji: cewa kin ga ƙoƙarin da ya yi, kin ji daɗin dawowar barcinsa, ba kya son ya koma wa sigari ko da wasa. Sannan ki ce akwai abin da ya fi ƙarfinki wanda shi kaɗai zai iya, amma kina roƙon alkawari guda kafin ki faɗa, cewa ba duka, ba kora, ba tara mutane. Kada kalmar "kai ka jawo" ta fito daga bakinki, ko da zuciyarki na raya miki ita. Shi da kansa zai tuna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma zafin wannan tunani ya ishe shi ba sai an ƙara masa ba. Idan kin san ba ya iya riƙe alkawari in ransa ya ɓaci, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa ya zauna, yayansa ko amininsa, mutum ɗaya mai riƙe baki, ba taron dangi ba.

Tsoronki na cewa zai jefar da tasa cikin fushi ya koma wa sigari tsoro ne mai tushe, kuma gara ki faɗa masa shi ƙarara. Komawa sigari ita ce mafi munin abin da zai iya faruwa ga lafiyarsa, haɗa biyun kuma, yau wannan gobe wancan, ba ya kawo sauƙin da ake nema. Abin da za ki roƙe shi shi ne ya daina sha a gaban yara da cikin ɗaki, ya janye kalmar "ba ta da illa" ya maye gurbinta da gaskiya, wato magani ne na fita daga wata cuta da ta fi shi, ya kuma sa wa kansa niyyar rage ƙarfin nikotin ɗin sannu a hankali har ya rabu da ita, da shawarar likita. Uban da ya ce wa ɗansa ni ma ina kan hanyar bari, zo mu yi tare, ya fi wanda ya ɗauko bulala da na'urar a aljihunsa samun biyayya nesa ba kusa ba. Wani abu kuma da ba ki tambaya ba amma ba zan yi shiru a kai ba: kwalbar ruwan da yake ɗurawa guba ce idan ƙaramin yaro ya kurɓa, ga ta da ƙamshin alewa, saboda haka a kulle ta a inda autanku ba zai kai ba. Batir ɗin ma kada a bar shi cikin mota ko a rana, musamman a zafin watan Afrilu na Yamai, kada kuma a kwana ana cajinsa kusa da katifa.

Shi kuma yaron, na san al'adarmu ta sa uwa tana kawaici da ɗan fari, har sunansa ba ta kamawa, kuma na lura ko a wasiƙarki kin kiyaye wannan. Kunyar tana da kyau, amma ba ta hana zama na minti goma a bayan sallar isha'i. Kafin a yanke masa hukunci a san zurfin ruwan tukuna: tun yaushe ya fara, sau nawa a yini, yana nemanta da zarar ya farka, ya taɓa gwada bari ya kasa? Yaron da ke zuƙa sau biyu a fada don kada a ce masa baƙauye daban yake da wanda ke barin karin kumallo don ya tara kuɗinta, kuma abin da kika faɗa game da kuɗin abincin ya sa nake zaton naki ya fara kamuwa. Idan haka ne, ki sa ran kwana uku na farko za su yi wuya, da ciwon kai, da ƙunci, da rashin barci, da yawan ci, sannan abin ya riƙa sauka cikin makonni biyu zuwa huɗu. Ki gaya masa wannan tun kafin ya fara, don kada ya ɗauka wani ciwo ne ya same shi, ki kuma gaya masa cewa ƙishirwar abin idan ta taso mintoci kaɗan take yi ta wuce. A sa rana, a ba shi abin da zai shagaltar da baki da hannu, ruwan sanyi, aya, dabino, asuwaki, a cika masa yammacinsa da ƙwallo ko wani aiki. Idan ya zame sau ɗaya kada a ce ya karya alkawari an gama. Babansa shaida ne cewa da wuya a bari a karo na farko.

Kuɗin kuma a sauya masa hanya ba tare da an wulaƙanta shi ba. Na wata ɗaya ko biyu ya karya a gida ko ya tafi da abincinsa, abin da zai riƙe a hannu ya zama na mota kawai, a kuma faɗa masa a fili cewa matakin na ɗan lokaci ne. Ku zauna ku lissafa jikka nawa ya zuba a cikin abin tun da ya fara, a ajiye masa kwatankwacinsu duk wata don takalmin ƙwallo ko wani abin da ya daɗe yana so. Ban ba ki shawarar raba shi da fadarsu da ƙarfi ba, don yaron da aka hana zama a ƙofar gida yakan koma inda ido ba ya kaiwa. Gara a jawo fadar kusa, a ba su tabarma da gawayin shayi a ƙofarku, ki san fuskokinsu da iyayensu. Da wuya a ce shi kaɗai ne mai puf a cikinsu, kuma idan kin sami uwa ɗaya ko biyu da kuka saba, magana a tsakaninku za ta yi amfani fiye da kai ƙara makaranta da sunan yaro guda. Ƙanwar da ta gaya miki sunan abin, ki kare ta, kada ya san daga gare ta aka ji, kada kuma a mayar da ita ƴar leƙen asirin gida.

Idan kin ga tari ya ƙi ƙarewa, ko numfashi na yi masa wuya a ɗan gudu kaɗan, ko ciwon ƙirji, ko zazzaɓi da amai, musamman in yana da asma ko lokacin ƙurar hunturu, a kai shi asibiti a ranar, a kuma gaya wa likita gaskiyar abin da yake sha, a tafi da na'urar a nuna. Ko babu waɗannan alamu, idan ya gwada bari sau biyu ya kasa, ganin likita ya dace, kuma kada a saya masa cingam ko mannin nikotin a farmasi da ka, sai likita ya ce.

Saura ƙanin maigida. Kada ki yi saurin ɗaukarsa maƙiyi, domin mai yiwuwa yaron shagonsa ne ke miƙawa shi bai sani ba, mai yiwuwa kuma ya sani amma shi ma ya yarda tururi ne kawai. Ɗan kasuwa ne da ya ga kaya na tafiya ya saro. Wasan da ke tsakanin mace da ƙanin mijinta yana buɗe ƙofofi da yawa, amma wannan magana ta fi ƙarfin wasa, kuma idan ta fito daga bakinki za a iya juya ta ta zama matar wa tana son kashe wa ƙani kasuwa. Ki bar wa maigida, wa da ƙani su yi ta su biyu. Abin da za a nema a wurinsa ƙarami ne kuma ba zai iya ƙi ba a gaban yayansa: kada a sake sayar wa ɗansu, kada a sayar wa duk yaron da ya zo da kayan makaranta ko wanda fuskarsa ta nuna bai kai 18 ba, a kuma sauke kayan daga gaban teburin da yara ke tsayawa sayen caja. Ko zai bar sayar da ita gaba ɗaya, wannan tsakaninsa ne da yayansa da lamirinsa, kuma ba sai an warware shi a zama ɗaya ba.

Wadda kika tsinta ɗin, kada ki jefa ta a murhu ko cikin sharar da za a ƙona, don batir ɗin na iya fashewa. Ki naɗe ta ki ajiye a cikin akwatinki, ki ɗora ta a gaban maigida a daren da za ku yi maganar, bayan ya ba ki alkawarin. Idan kun yi, ki sake rubuto mini yadda ya karɓa da abin da yaron ya amsa game da sau nawa yake sha a yini, sai mu ga mataki na gaba. Allah ya ba shi ikon bari, shi da babansa.